Tambaya da Amsa: Siririyar Kwamfuta Mai Sauƙin Kuɗi, ko Wadda Aka Saba da Ita?

Wasiƙu huɗu daga cikin waɗanda suka iso wannan fili sun haɗu a kan batu guda, wato zaɓi tsakanin siririyar kwamfutar tafi-da-gidanka marar nauyi, mai sauƙin kuɗi, da kuma babbar nan da aka saba gani. An taƙaita tambayoyin ba tare da an taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe ta jami'a. Kwamfutar da nake amfani da ita babba ce, mai fuska inci 15.6, wadda idan na haɗa ta da cajarta da littattafai a jaka sai kafaɗata ta yi tsami kafin yamma, ga shi batirinta ba ya riƙe wuta. Ina so in sauya ta da irin siraran nan masu araha, amma yayana ya ce kayan wasan yara ne, ba su da ƙarfi, kuma idan suka lalace ba sa gyaruwa. Aikina bai wuce rubuta kundin kammala karatu, da bincike a intanet, da shirya jawabin da ake haskawa ta majigi, da halartar darasi ta bidiyo ba. Shin in saya, ko in bi shawarar yayana?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Maganar yayanki tana da tushe, sai dai tushen ya kwana biyu. A shekarar 2007 kamfanin Asus ya fito da Eee PC, wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai fuska inci 7, kuma nan da nan sauran kamfanoni suka bi sahu da irinta, har kasuwa ta cika da su. Sun yi araha, sun yi sauƙin ɗauka, amma madannansu a matse suke, fuskarsu ba ta isa karatu ba, kuma buɗe shafuka kaɗan a intanet yakan sa su nawa. Zuwa ƙarshen 2012 manyan masu ƙera su sun daina, sai dai sun bar wa mutane da yawa tunanin cewa duk ƙaramar kwamfuta abin wasa ce. A wancan zamanin siririya mai inganci sai mai hannu da shuni, domin MacBook Air da Apple ta nuna a watan Janairun 2008, wadda shugaban kamfanin na lokacin, Steve Jobs, ya zaro daga cikin ambulan a gaban jama'a, tsada gare ta, kuma kafar USB ɗaya tak aka yi mata.

Abubuwa sun sauya tun daga lokacin. An cire wurin sa faifan DVD, wanda shi kaɗai yake cin wuri mai yawa, an maye gurbin tsohon faifan ajiya mai juyawa da ma'ajiyar da babu abin da ke motsi a cikinta, sannan masu ƙera furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, sun ƙware wajen yin wadda ke aiki da wuta kaɗan ba tare da ɗaukar zafi sosai ba. Furosesar Intel N100 da ta fito a 2023, wadda ake yawan samu a kwamfutoci masu araha, an tsara ta ne a kan wat 6, alhali irin da ake sa wa manyan kwamfutocin zane da na wasanni tana kaiwa wat 45 ko fiye. Duk abin da kika lissafa a wasiƙarki aiki ne da siririyar kwamfuta ta yau za ta yi ba tare da wahala ba, kuma bambancin nauyin a bayyane yake, domin mai inci 13 ko 14 takan tsaya tsakanin kilo 1.2 da 1.5, ita kuwa babbar da ta tsufa takan kai kilo 2 ko ta zarce, ban da tubalin cajarta.

Inda nake so ki tsaya ki yi nazari shi ne haɗuwar sifofi ukun nan a kwamfuta ɗaya: siranta, da rashin nauyi, da araha. Ƙera siririyar kwamfuta mai ƙwari aiki ne mai cin kuɗi, saboda sai an yi gangar jikinta da alminiyam ko wani ƙarfe marar nauyi, an kuma tsara hanyar fitar zafi a wuri ƙanƙani. Idan kika ga an sirantar da ita kuma an karya farashinta, to lallai an rage wani abu, kuma yawanci a wurin da hoton talla ba ya nunawa ake ragewa. Wannan ba laifi ba ne a kansa, tunda ba kowa ke buƙatar komai ba. Damuwar ita ce, a babbar kwamfuta irin taki, idan aka yi kuskuren sayen mai ƙaramin ƙarfi ana iya kwance murfin ƙasa a ƙara mata RAM, wato wurin da take riƙe ayyukan da ake kan yi a lokacin, ko a sauya ma'ajiya bayan shekara ɗaya ko biyu, amma a yawancin sirara masu araha abin da kika saya ranar farko da shi za ki zauna har ranar da za ki rabu da ita. Saboda haka tambayar da za ki riƙa yi a kan kowace kwamfuta ita ce: me aka rage a cikinta, kuma ana iya gyara ragin daga baya ko ba a iyawa?

RAM shi ne na farko a wannan lissafi. A sirara da yawa ana liƙe shi da dalma a jikin madabod, wato babban allon da kayan cikin kwamfutar ke zaune a kai, babu ramin da za a zare shi a sa wani, kuma idan kika ga an rubuta LPDDR a takardar bayanin kwamfutar, kusan kullum ma'anarsa ke nan. Microsoft ta sa gigabait 4 a matsayin mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke buƙata, kuma wasu kamfanoni sukan fake da wannan adadi su sayar da kwamfuta mai gigabait 4 cif. Za ta kunna, za ta buɗe takarda, amma ranar da kika buɗe kundinki, da shafuka goma na bincike, da darasin bidiyo a lokaci guda, za ki ga harafi yana biyo bayan yatsanki da jinkiri. Kada ki karɓi ƙasa da gigabait 8, kuma idan liƙaƙƙe ne, aljihu kuma ya yarda, 16 ya fi kwanciyar hankali ga wadda ke son kwamfutar ta raka ta har wurin aiki bayan karatu. Akwai hanyar dubawa mai sauƙi idan an ba ki dama ki kunna ta: ki buɗe Task Manager, manhajar Windows mai nuna yadda kayan cikin kwamfutar ke aiki, ki shiga sashen da ke nuna RAM, idan kika ga an rubuta SODIMM to mai zaruwa ne, idan kuwa Row of chips aka rubuta to liƙaƙƙe ne.

Ma'ajiya ita ce wuri na biyu da ake yin ƙwauro, kuma a nan sunaye ne ke ruɗar mai saye. Akwai eMMC, akwai SSD, kuma mai talla yana iya kiran su duka ma'ajiyar zamani. Ita eMMC dangin katin ajiya ce irin ta wayoyi masu araha, a liƙe take, kuma iyakar saurinta a takarda bai wuce megabait 400 a daƙiƙa ba, a aikace ma ba ta kaiwa nan, alhali SSD nau'in NVMe tana iya kai megabait 3,000 ko fiye. Abin da ya fi saurin damuwa shi ne girma, domin eMMC takan zo da gigabait 64, ita kuwa Windows kaɗai tana cin fiye da 20 kafin ki ajiye ko takarda ɗaya, sannan duk lokacin da babban sabuntawa ya zo sai ta nemi ƙarin fili. Masu irin wannan kwamfuta sukan wayi gari suna goge hotuna da manhajoji domin kawai sabuntawa ya samu wurin sauka. Ki nemi SSD mai gigabait 256 aƙalla, ki kuma tambaya ko irin mai zaruwa ce.

A kan furosesa ba zan tsawaita ba. Core i3 ko Ryzen 3 na 'yan shekarun nan sun wadatar da ke, N100 ma za ta yi idan RAM ya kai 8. Wadda zan ce ki kauce mata ita ce tsohuwar Celeron mai ƙwaya biyu irin N4020, wadda har yanzu ake samu a sababbin kwalaye duk da cewa Intel ta ajiye sunayen Celeron da Pentium a kwamfutocin tafi-da-gidanka tun 2023.

Fuska da madannai su ne abin da idonki da yatsunki za su yi sa'o'i a kai, kuma su ne masu saye suka fi mantawa da su saboda hankali yana kan lambobi. Fuska mai ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye tana nan da yawa a kwamfutoci masu araha, kuma a kanta ba za ki iya jera takardu biyu gefe da gefe ki karanta cikin daɗi ba, don haka ki nemi mai 1920 da 1080, nau'in IPS, wato wadda launukanta ba sa dushewa idan an kalle ta ta gefe. Gwajin ba shi da wuya: ki buɗe hoto, ki tura murfin baya kaɗan, ki jawo shi gaba, sannan ki leƙa ta gefe. Idan launuka suka dushe ko baƙi ya koma toka-toka da zarar kin motsa kanki, to fuskar mai araha ce ta nau'in TN. Daga nan ki rubuta sakin layi guda da madannan, ki danna tsakiyarsu da ɗan ƙarfi ki ga ko farantin yana lotsawa, ki kuma buɗe murfin ki rufe sau da yawa kina sauraron maƙalarsa, domin a siririya mai jikin roba maƙalar murfi tana cikin wuraren da suka fi saurin karyewa.

Game da batir, kada ki dogara da awannin da aka rubuta a kwali, saboda ana auna su ne da hasken fuska a rage da aiki mai sauƙi. Ki duba adadin da aka rubuta da Wh, wanda shi ne ainihin yawan wutar da batirin ke ɗauka. Lissafin a fili yake: batir mai Wh 42, idan kwamfutar tana shan wat 6 a matsakaici, zai yi awa 7, idan kuwa wat 15 take sha ba zai cika awa 3 ba. Wannan ne dalilin da ya sa siririya mai ƙaramin batir take iya daɗewa fiye da babba mai ƙaton batir. Ki kuma tabbatar ana cajinta ta kafar USB-C, domin ba kowace kafar USB-C ce ke karɓar caji ba, wasu bayanai kawai suke wucewa ta cikinsu. Idan tana karɓa, caja ɗaya mai wat 45 ko 65 za ta yi wa kwamfutar da wayarki, jakarki ta ƙara sauƙi.

Tunda kina haska jawabi ta majigi, ki duba ko akwai kafar HDMI a jikinta. Idan babu, sai kin sayi mahaɗa, kuma kuɗinta yana cikin kuɗin kwamfutar ko da ba a rubuta shi a rasit ɗaya ba.

Saura maganar gyara, kuma a nan yayanki ya fi gaskiya. Batir, da fuska, da madannai ana sauya su a mafi yawan sirara, ko da yake aikin ya fi na babba wuya, wani lokaci ma batirin da gam aka manna shi. Amma idan RAM ko eMMC da aka liƙe ya mutu, sau da yawa madabod ɗin gaba ɗaya za a sauya, kuma a kwamfuta mai araha wannan yana iya kusantar kuɗin sabuwa. Haka nan bayanan da ke cikin liƙaƙƙiyar ma'ajiya ba a zare su a kai wata kwamfuta kamar yadda ake zare faifai, saboda haka kundinki ya kasance yana da kwafi a wani wuri kullum. Ra'ayina shi ne ki sayi siririyar, bisa sharaɗin RAM gigabait 8 ko fiye, da SSD, da fuska mai kyau. Idan kuɗin hannunki bai kai ga wadda ta cika sharuɗɗan nan uku ba, gara ki sa wa tsohuwar sabon batir da SSD ki ƙarasa karatu da ita, domin araha ba ta ado.

TAMBAYA: Ni malamin makaranta ne, kuma an ba ni shawarar in sayi Chromebook saboda ta fi araha. Mene ne bambancinta da sauran?

AMSA: Malam, bambancin yana cikin babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Chromebook, wadda aka fara sayarwa a 2011, tana aiki ne da ChromeOS ta kamfanin Google, manhajar da aka gina a kan cewa yawancin aiki a cikin burauza za a yi shi. Da yake manhajar ba ta da nauyi, kayan cikin da za su sa Windows rarrafe sukan ishe ta tafiya da sauri, tana kunnawa cikin daƙiƙoƙi, batirinta yana jimawa, kuma matsalar ƙwayoyin cutar kwamfuta ba ta cika damun masu ita ba. Wannan ne ya sa abin da na faɗa a sama game da eMMC mai gigabait 64 bai yi tsanani a kanta kamar yadda ya yi a kan Windows ba.

Iyakarta kuwa ita ce manhajojin da ake girkawa a Windows ba sa hawa kanta kai tsaye. Word da Excel za ka same su ta burauza, kuma sun isa rubuta darasi da tsara sakamakon jarrabawa, amma ba su kai cikakkun na Windows yawan kayan aiki ba. Idan makarantarku tana da wata manhaja ta musamman da sai an girka, ko kana amfani da tsohuwar na'urar buga takardu, ka tabbatar suna aiki da ChromeOS kafin ka biya. Google Docs yana aiki ba tare da intanet ba idan an kunna masa wannan tsari tun da farko, sai dai wanda yake daɗewa babu intanet ba zai ci cikakkiyar moriyar Chromebook ba.

Akwai wani abu da masu saye kan tsallake, wato ranar da sabuntawa zai tsaya. Kowace Chromebook tana da ranar da Google za ta daina aiko mata da sabuntawa, kuma ana ƙirga wa'adin ne daga lokacin da aka fitar da samfurin, ba daga ranar da ka saya ba. A 2023 kamfanin ya sanar da cewa waɗanda aka fitar daga 2021 zuwa gaba za su samu shekara 10, amma tsohon samfuri da ya daɗe a ajiye yana iya zuwa hannunka sabo fil alhali wa'adinsa ya kusa cika. Ana ganin ranar a cikin saitin kwamfutar, a sashen bayani game da ChromeOS. Idan kana son gajeriyar hanya, waɗanda ke ɗauke da sunan Chromebook Plus, wanda aka fito da shi a 2023, an gindaya musu sharaɗin RAM gigabait 8, da ma'ajiya gigabait 128, da fuska mai ɗigo 1080 aƙalla.

TAMBAYA: Sana'ata haɗa bidiyo da zanen gine-gine. Shin siririya mai araha za ta ɗauki aikina?

AMSA: Ba za ta ɗauka ba, Malam. Aikinka yana sa furosesa da katin hoto su yi ta aiki da cikakken ƙarfi na tsawon lokaci, kuma siririyar kwamfuta, musamman marar fanka, idan ta ɗauki zafi da kanta take rage gudu domin kare kayan cikinta, sai aikin minti goma ya ja dogon lokaci. Akwai sirara masu ƙarfi, kamar MacBook Air tun daga furosesar M1 ta 2020, wadda ba ta da fanka amma tana haɗa bidiyo matsakaici, sai dai ba a sahun masu araha suke ba. Kai kaurin kwamfuta amfani ne gare ka, domin a cikinsa fankoki da bututun fitar da zafi suke zaune.

TAMBAYA: Kuɗina zai sayi ɗaya daga cikin biyu: sabuwar siririya ta ƙaramin aji, ko ta hannu irin ta ma'aikatan kamfanoni wadda ita ma siririya ce. Wacce ta fi?

AMSA: Malam, sau da yawa ta hannun ce ta fi, matuƙar za ka iya duba ta da kanka kafin ka biya. Kwamfutoci irin ThinkPad na Lenovo, da Latitude na Dell, da EliteBook na HP an ƙera su ne domin ma'aikatu da ke saye da yawa su yi shekaru suna amfani da su, shi ya sa jikinsu ya fi ƙwari, madannansu sun fi daɗin rubutu, kayan gyaransu suna samuwa, kuma kamfanonin suna wallafa littattafan da ke nuna yadda ake kwance su. Da yawa daga cikin masu inci 14 ana iya sauya musu SSD, wasu har da RAM, ko da yake mafi sirantarsu, kamar X1 Carbon, RAM ɗinsu a liƙe yake. Abin da sabuwar ta fi ta da shi shi ne garanti da sabon batir, kuma ga wanda ba shi da mai duba masa, waɗannan biyun ba abin rainawa ba ne.

Abu na farko da za ka duba shi ne shekarun furosesar. Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoban 2025, ita kuwa Windows 11 a hukumance tana neman furosesa daga zubi na takwas zuwa sama idan ta Intel ce, da kuma guntun tsaro na TPM 2.0. A irin waɗannan furosesoshi lambar farko bayan i5 ko i7 ita ke nuna zubin (daga zubi na goma kuwa lambobi biyu na farko ne), saboda haka i5-8250U ta shiga, i5-7200U kuwa ba ta shiga ba, ko da yake a ido kwamfutocin biyu kamar tagwaye suke. Za ka iya tarar da an ɗora wa tsohuwar Windows 11 ta bayan fage, amma Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan sabuntawa ba.

Na biyu shi ne batir, wanda shi ne abin da ya fi tsufa a kowace kwamfuta ta hannu. Kada ka yarda da cinikin biri a sama. Ka buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport, nan take Windows za ta fitar da rahoto mai nuna adadin wutar da aka ƙera batirin ya ɗauka da adadin da yake ɗauka yanzu. Idan an ƙera shi a kan Wh 50 amma yanzu 30 yake ɗauka, ya rasa kashi 40 cikin ɗari ke nan, sai ka sa kuɗin sabon batir a cikin lissafinka ka nemi ragi daidai da shi. Ka ɗora kwamfutar a kan shimfiɗaɗɗen tebur ka ga ko tana zaune daram, ka kuma danna faifan linzamin da ke gaban madannai, domin batirin da ya kumbura yakan tura shi sama har ya ƙi dannuwa, kuma irin wannan batir hatsari ne, ba a ci gaba da cajinsa.

Daga ƙarshe ka shiga saitin BIOS, wato saitin da ake shiga yayin kunna kwamfuta kafin Windows ta tashi, ka tabbatar babu kalmar sirrin da ma'aikatar da ta yi amfani da ita ta bari, domin a wasu samfuran cire ta sai an taɓa madabod. Ka haɗa ta da intanet a gaban mai sayarwa, ka gwada kowace kafa da kyamara da lasifika, sannan ka nemi a rubuta maka a rasit adadin kwanakin da za ka iya mayar da ita idan wani lahani ya bayyana.